Tuwon Mai Tafiya

Ni mutum ne mai yawo. Na kai kanwa Kano na dawo da goro, na kwana a Agadas, na sha ƙurar bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, har ta zama mini kwalli, kuma duk garin da na sauka abin da nake fara tambaya shi ne me ake ci a nan. Shi ya sa mutanen ƙauyenmu, can kusa da Falanko, suke cewa ciki ne ke tuƙa Ilu, ba ciniki ba. To, ni ɗin nan mai son ci, ni Allah ya ɗora wa jinyar yarinyar da ta daina ci. Ina ba da labarin ne don wanda yake da irinta a gida ya san ciwo ne, ya kuma san ƙofar da zai buga.

Ƙanwata Mairo tana da ƴan biyu, Hasana da Usaina, su ne haihuwarta ta fari. Tun da aka yaye su ƙwarya ɗaya suke ci. Kun san yadda muke da tagwaye, ba a ba ɗaya abu a bar ɗaya. Ko tsaraba na kawo sai biyu iri ɗaya, in ba haka ba tsofaffi su ce in duba takalmina, kunama na nan tafe.

Bazarar wata shekara, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sanƙarau ya shiga ƙauyen ya kwantar da su duka biyu, suna ƴan mata masu tasowa. Hasana ta rasu Usaina tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Kafin ta farfaɗo an rufe ƴar'uwar. Sai kakarsu ta wajen uba, tsohuwa Yagana, ta tara mutanen gida ta ce kada wanda ya gaya mata, don ɗan biyu in ya ji ɗan'uwansa ya tafi, binsa yake yi. Aka shirya magana cewa Kawu Ilu ya biyo ya tafi da Hasana Kano neman magani. Gaisuwa a gidan liman aka karɓe ta, sadaka ma can aka yi. Ni kuwa ina Kanon da gaske, ban san an ba ni riƙon yarinya ba.

Sai da aka yanke gero na dawo. Tun a bakin gari mijin Mairo ya tare ni ya karanta mini duka, ya roƙe ni in riƙe bakina. Na shiga gidan na tarar da wata tana daka, ta ba ni baya. Na ɗauka wata tsohuwa ce aka kira aiki. Da ta juyo sai na ga Usaina.

Wuyanta ya zama kamar kara. Idanun sun shige, amma suna ƙyalli. Ta durƙusa ta gaishe ni, na kama hannunta, da tsakar rana ne amma hannun sanyi kamar an ciro shi daga randa. Wani gashi mai laushi ya fito mata a kumatu da damtse, irin na jaririn da aka haifa yau. Ina jiran ta tambaye ni ina Hasana, na ma shirya ƙaryata. Ba ta tambaya ba. Cewa ta yi kawai, "Kawu, tana ci kuwa a can?" Na ce mata Kano ba a kwana da yunwa. Ta gyaɗa kai ta koma kan turmi.

Abin da ya ɗaure mana kai, ba kwance take ba. Ita ke daka, ita ke zuwa rijiya, ita ke tuƙa tuwo, ta bi kowa da ƙari har sai ya ce ya isa. Amma in aka zuba mata nata, sai ta zauna ta ja layi da yatsa a tsakiyar tuwon, ta juya ƙwaryar rabi ya fuskanci inda babu kowa. Rabin da ya rage gabanta sai ta sake duba shi, ta ce ya fi, ta sake rabawa ta tura can. Haka za ta yi ta yi har abin da ke gabanta bai kai ƙwan zabo ba, shi ma sai ta lasa ta bari. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, tana yin shiru kamar mai sauraren amsa. In ta gama ta rufe da faifai ta kai bayan rumbu. Da safe a tarar da ƙwaryar fes. Na tambayi Mairo, na tambayi Yagana, na tambayi yara, kowa ya rantse ba shi ba ne. Na ce to kare ne. Mairo ta ce kare ba ya mayar da faifai.

Shawara kuwa mun sha ta. Aka yi rubutu, ta sha, don ruwa ba ta ƙinsa. Aka yi hayaƙi har bangon ɗakin ya yi baƙi. Wata mai bori ta ce a yanka baƙar akuya, aka yanka, muka cinye, Usaina ce ma ta dafa. Wani Buzu abokina ya ce su ƴan matansu da nono ake ɗura su har su yi ƙiba, a kama ta a ɗura. Aka kama ta aka ɗura. Ta amayar da shi duka, ta kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Wannan kam kada kowa ya gwada. Sai aka fara raɗe-raɗin maita, ana kallon wata baiwar Allah mai sayar da daddawa. Nan na ce a'a, kafin a ɗora wa wata laifi, bari mu je Tanut.

A gidan likita na Tanut amfirme, wato malamin allura, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya yi mata allura, ya ce mu dawo bayan sati. Muka dawo ya ɗora ta a sikeli, ya duba, ya sauke ta ya sake ɗorawa. Ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai babban asibiti a Damagaram. Na sayar da ragon da nake kiwo don layya. Mairo tana da goyo, ba ta iya biyo mu ba, sai Yagana ta ce ita za ta, don ta tsare bakin kowa, musamman nawa. Muka hau bayan kamiyon fatu, Usaina a tsakiyarmu, duk ramin da motar ta faɗa sai in ji ƙasusuwanta a kafaɗata.

Satin farko a layi ya ƙare. Ka zo tun rana ba ta yi zafi ba, ka tarar da rabin ƙasar ta riga ka. A ce ka je wancan taga, can a ce mai tagar ya fita. Aka ɗauki hoton ƙirjinta ana neman tarin fuka, babu. Aka ɗebi jini, ni na ce a bar mata sauran. Daga ƙarshe muka ga likitan, wani Bature siriri wanda shi ma da a gidanmu yake da an yi masa hayaƙi. Ya daɗe yana tambaya ta bakin tafinta, sannan ya faɗi kalmar da har yau ba ta bar kaina ba, anoreksi. Tafinta ya ce ciwon ƙin abinci ne, a tunani yake farawa, amma jiki yake kashewa. Likita ya ce za a kwantar da ita, dangi su ja baya, ba mai shiga wurinta lokacin cin abinci. Yagana ta miƙe ta ce ba a yi wanda zai raba ta da jikarta ba. Sai aka nuna mana wata ƙofa a ƙarshen baranda, aka ce mu je mu ga Madam.

Madam Rakiya ke nan, asistan sosiyal. Ban taɓa jin wannan aiki ba duk yawona. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Ita aikinta mutanen da ke bayan maras lafiya ne, ina suke kwana, me suke ci, wa suka baro a gida, me ake faɗa a gidan da ba a faɗa wa likita. Bafulatana ce, tana zuwa a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. Tana ganin tsagen fuskata ta gane jinin Barebari ne, ta ce yau ga bawanta ya zo da ƙafarsa. Na ce ban taɓa ganin uwargijiyar da tsinke ya fi ta kauri ba, ita ma a kwantar da ita kusa da Usaina. Yagana ba ta so ba, amma sai da ta yi murmushi.

A ranar ta sama mana inda za mu shimfiɗa tabarma a rumfar masu jinya, ta yi mana takardar da ta ɗauke mana kuɗin gado, ta kuma roƙi likita ya bar Yagana ta riƙa shiga da hantsi ta yi wa yarinya wanka. Tsohuwa ta sauko.

Sati na biyu Madam ta fara zama wurin Usaina lokacin abincin rana. Ba ta ce mata ci. Zama kawai take yi tana kallo. Ran nan ta zo rumfarmu ta zauna a tabarma kamar ƴar gida, ta tambayi labarin damina, ta tambayi kuɗin gero a Tanut, can sai ta ce, wai wa ake ajiye wa rabin nan? Yagana ta ce yarinta ce kawai. Madam ba ta ja ba. Da za ta tafi ta ce bawanta ya zo ya tura mata mobilet, ya ƙi tashi. Mobilet lafiyarsa lau. Muna kaiwa bayan katanga ta tsaya ta dube ni, ba wasa a fuskarta, ta ce in gaya mata. Na gaya mata duka.

Sati na uku ya fi kowanne muni. Usaina ta faɗi a hanyar bayan gida. Aka ɗaura mata ruwa a hannu, aka zura mata roba ta hanci ana tura madara. Wani amfirme ya riƙa yi mata tsawa wai iskanci ne, ga masu ciwon gaske suna neman gado. Ban yafe masa da wuri ba. Amma wata a cikinsu kuma ita ke dumama ruwa a kwalba ta sa mata a ƙafa, Allah ya saka mata. Sannan matan ɗakin suka fara ja da gadajensu. Wai kwanon da yarinyar ke turawa ƙarƙashin gado ana tarar da shi a wanke, kuma in tana maganarta ƙasa-ƙasa, murya biyu suke ji. Wata ta ɗauke ƴarta ta koma baranda. Madam ce ta bi su gado gado, ta ce ciwo ne kamar nasu, ba a ɗauka, ba kuma mai zuwa. Da muka fito na tambaye ta to wa ke wanke kwanon. Ta ce ita ma ta tambaya.

Ta yi magana da likita, ya ce a gaya wa yarinya gaskiya, amma ba shi ko Madam ba, sai na gida. Saura Yagana. Kwana da kwanaki Madam tana zuwa rumfa da ɗan goronta. Ba ta taɓa ce wa tsohuwa ta yi kuskure ba. Tambayarta ta yi ta yi, har Yagana ta faɗi cewa tana yarinya ta ga tagwayen maƙwabtansu, ɗaya ya rasu, aka gaya wa ɗayan, bai kai arba'in ba. Ita abin da ta gani da idonta ke nan, ba za ta sake gani ba.

Madam ta ce, "Iya, kin hana ta ji don kada ta bi ta. Dubi gadon can. Ai bin ta take yi, a hankali."

Yagana ta ja mayafi ta rufe fuska. Sannan ta ce tunda Ilu ne ya tafi da Hasana Kano, Ilu ya dawo da ita.

Da hantsi aka fito da Usaina inuwar wata bishiya a bayan ɗakin, Madam a gefenta. Ni da zan iya sayar wa Bakano goro, ranar bakina ya ƙi buɗewa. Na yi ta kewaye-kewaye har Madam ta taka mini ƙafa. Sai na ce, "Usaina, ban tafi da Hasana ko'ina ba. Allah ya karɓi abarsa tun bazara, kina kwance."

Ba ta yi kuka ba. Ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, Kawu. Zanenta na fita yana cikin kwalla. Wa ke zuwa Kano ya bar zanen fita?"

Na ce to don me ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Kun ce tafiya ta yi. Mai tafiya ana ajiye masa tuwo." Sai ta taɓa maƙogwaronta. "Da fari ajiya nake yi. Yanzu ko na so, ba ya wuce nan."

Ni na ɗauka da an faɗi gaskiya shi ke nan, gobe ta nemi tuwo da miyar kuka. Ina fa. Madam ta riga ta gargaɗe ni cewa ciwon nan in ya zauna ba ya tashi don dalilinsa ya tashi. Abin da ta lura da shi shi ne yarinyar tun da take ba ta taɓa ci ita kaɗai ba. Sai ta nemi izinin likita ta riƙa kawo nata abincin rana, a juye a kwano ɗaya, ta wanke hannu su ci tare. Usaina ta tura rabi, Madam ta ci daga rabin ta ce ya yi mata yawa, a taimake ta, Bafulatana ba ta da ciki irin na Barebari. Yau loma biyu, gobe babu, jibi uku. Aka cire robar hanci. Sanyin hannun ya fara raguwa. Wata rana na ji ta yi dariya don na ce ta kusa kai nauyin kazar Yagana.

Sai aka aiki Madam wani gari kwana kaɗan. Kafin ta dawo Usaina ta koma lasar yatsa. Nan Madam ta kira mu ofishinta ta ce likita yana shirin sallama, amma ita ba za ta iya zuwa ƙasarmu Damargu kullum cin tuwo ba, kuma irin wannan ciwo a gida yake dawowa, in ya dawo kuma ya fi kisa. Sai an sami wanda zai sa hannu a ƙwaryar. Ni namiji ne, kuma ƙafata ba ta zama. Yagana haƙoranta sun ƙare, kunu take sha. Madam ta ce to ina uwar?

Yagana ta ce ai Mairo ba za ta iya ba, ƴaƴan fari ne. Gaskiya ta faɗa. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama ci da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da ta haife su ban taɓa jin Mairo ta ce Hasana ko Usaina ba, sai dai ta ce ke, ko ƴan nan. Ranar da aka fita da gawar ma, an ce mini, tsintsiya ta ɗauka ta hau shara. Madam ta ce ta san wannan kunya, a gidansu ma ta fi haka tsanani. Ta ce za ta je ta ga Mairo da kanta.

Ta sami wuri a motar masu allurar rigakafi da ke zagaya Damargu, aka ɗebe mu duka. Mun isa ƙauye rana ta karkata. Mairo ta fito ta gaishe da Madam, ta gaishe da surukarta, ta gaishe ni, ta dubi Usaina sau ɗaya ta ce an dawo, ta juya za ta ɗebo ruwa. Madam ta bi ta ɗaki ta saki tabarmar ƙofa. Abin da suka faɗa ban sani ba. Na dai san har aka yi la'asar ba su fito ba, direba yana ta busa ham a bakin gari.

Da suka fito Mairo ta tuƙa tuwo, ta zuba a ƙwarya ta ajiye gaban Usaina a tsakar gida. Usaina ta ɗaga yatsa ta ja layinta, ta juya rabin can. Sai Mairo ta ɗauko buta ta wanke hannu, ta zo ta zauna a wurin da babu kowa ɗin nan, ta naɗe ƙafa. Ba ta dubi ƴarta ba, ƙwaryar take kallo.

Ta ce, "Usaina." Muryar kamar ba tata ba. "Hasana ta rasu. Ni na haife ta, ni na rufe mata ido. Ba mai zuwa cin wannan sai ni da ke."

Ta yanki loma daga rabin can ta kai baki. Usaina ta daɗe tana kallonta. Sannan ta yanki tata, ƙarama, ta sa a baki, tana taunawa kamar mai koyo.

Madam ta ja mini hannun riga ta ce bawa ya tashi a ba su wuri. Muna kaiwa ƙofar gida muka ji kukan Mairo ya fashe, kukan da ta riƙe tun bazara. Maƙwabta suka fito da gudu, mata suna ɗaura zane, suna tambaya wa ya rasu, don duk sun ɗauka Usaina ce. Yagana tana zaune a bakin ƙofa da sandarta. Ta ce musu, "Hasana ce. Ku shiga ku yi gaisuwa."

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suna Allah ya ji ƙanta, Allah ya ba da haƙuri, kamar yau aka yi. Usaina tana amsawa da amin, hannunta a cikin ƙwarya.

Ta rayu. Sai da wata daminar ta zagayo kafin ta yi kumatu, kuma kullum Mairo na zaune gabanta.